Balon Tanimu da Irin Nomau

Tanimu ɗan Dakusa ne, amma shekara ashirin da biyu ya yi a Zinder yana sakin balo. Aikinsa ke nan a tashar meteyo ta bayan gari, inda ake auna yanayi. Da safe da bayan azahar yakan cika balo da gas, ya sake shi, ya kafa ido a madubin awo yana bin sa har ya ɓace. Kowane minti sai ya rubuta inda balon ya karkata, da haka ake gane inda iska ta nufa a kowane hawa na sama. Ni ne mai buga lambobinsa a waya zuwa babban biro, wato babban ofishinmu, shi ya sa na san rubutunsa kamar nawa.

A Zango, inda yake haya, tsokanarsa ake yi, wai ƙato da gemu yana wasan yara gwamnati na biyan sa. Bai taɓa tankawa ba. Idonsa na hagu ma ya saba da runtsewa, ko gaisawa kuke sai ka ɗauka auna ka yake.

Sai aka shigo da lambobin satelit, wato tauraron da ke ɗaukar hoton gajimare daga sama. Yadda aka yi mana bayani, na'ura ce ke duba hoto biyu, ta ga inda gajimare ya matsa, ta ce ga gudun iska. Abin da ba ta iya gani sosai shi ne tsawon da gajimaren yake, kintata take yi. Wannan kuwa ba wanda ya tsaya gaya mana a lokacin.

Sau uku takarda na zuwa cewa lambobin Zinder sun saɓa da na satelit, a binciki mai awo. A ta ukun shef ɗinmu, shugaban tashar, ya kira Tanimu gaban kowa ya ce, "Malam Tanimu, ko dai idon ya gaji ne?" Tun daga ranar Tanimu ya koyi wata dabara. In ya gama awo sai ya leƙa takardar satelit ta ranar, ya goge nasa, ya matsar da su kusa da nata. Ina gani, ina bugawa. Ban ce komai ba, kuma har yau ina jin haushin kaina.

A shekarar tamanin da huɗu, ƙarshen watan shida, wansa Nomau ya zo daga Dakusa. Daminar da ta wuce ba ta ba su komai ba. Abin da ya rage masa dami biyu ne na irin hatsi, zangarniyar da ubansu ya zaɓa tun yana raye, ana ta juya ta shekara da shekaru. Kaltuma, matar Nomau, ta ɗaure su a rufin ɗaki, suna cin ganye suna kallon su. Mutanen gari sun rabu biyu. Wasu sun ce a yi binne, a zuba iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Wasu sun ce a dakata, don in yayyafi ya taɓa iri ya tsiro sannan sama ta ɗauke, an yi asara ke nan.

A gindin bishiyar bedi ta tasha suka zauna shi da Tanimu, ina jin su ta taga.

"Kai ne kake aiki da sama," in ji Nomau. "In binne ko in jira?"

Da safen nan balon Tanimu ya nuna iskar damina, mai tasowa daga kudu maso yamma, ba ta wuce mita ɗari shida ba. Sama da nan busasshiyar iskar gabas ce kawai. Takardar satelit kuwa ta ce iskar damina ta kai mita dubu biyu, wato ruwa na tafe da ƙarfi. Tanimu ya riga ya goge nasa kafin wansa ya iso.

Tanimu ya ce, "Yaya, na'urar Turawa ta ce ruwa ya kusa."

"To kai me ka gani?"

"Ita ta fi ni gani."

Nomau ya koma ya binne dami biyun duka, da rabin mutanen unguwarsu a bayansa, tunda ƙanensa ma'aikacin sama ne. Bayan kwana huɗu aka yi yayyafi wanda bai jiƙa taƙi ɗaya ba. Hatsi ya tsiro, ya yi kore na mako guda. Daga nan kwana talatin da ɗaya ba ɗigo.

Tanimu bai fasa zuwa aiki ba. Ya cika balo, ya saki, ya rubuta, ya goge. Ba ya baƙin ciki a fuska, ba ya fushi, abinci ma yana ci. In ka yi masa magana sai ya amsa bayan ka manta abin da ka tambaya. Ni ma a watannin nan ban ji komai ba, lambobi kawai nake bugawa.

A watan goma wata takarda ta zo. An gano cewa a daminar nan na'urar ta riƙa ɗaukar gajimaren ƙasa-ƙasa a matsayin na can sama. Ana roƙon tashoshi su aiko da ainihin awon balo don a gyara. Shef ya karanta da murna, ya ce yau ranar Tanimu ce. Tanimu ya ɗauko littafinsa ya buɗe. Shafi bayan shafi, duk gurbin gogewa ne. Babu abin aikawa.

A makon ne Nomau ya biyo ta Zinder da iyalinsa za su Kano cin rani, ba da niyyar dawowa ba. Tanimu ya raka su tashar mota. A can ya gaya masa komai, da mita ɗari shidan, da gogewar. Ina tsaye riƙe da ƙullin kayan Kaltuma.

Nomau ya saurara har ƙarshe, ya gyara wa ƙaramar 'yarsa zama a cinyarsa.

"Da ma ka gani," ya ce.

"Na gani, Yaya."

"Ai ni ba na'ura na zo tambaya ba."

Mota ta tashi. Damina ta gaba an yi ruwa sosai a Dakusa. Gonar ubansu ba wanda ya shuka ta.