Baftisma a Cikin Keke

Jiya na ga wata tsohuwa tana fasa ledar ruwa da haƙori, sai marigayiya uwar baftismata ta faɗo mini a rai. Takan ce, "Tunda na tsaya miki gaban Allah, ban zauna ba."

Ranar da jaririna ya shiɗe, tare da ita muka hau keke mai ƙafa uku daga Nasarawo zuwa asibiti. Cunkoso ya tsare mu a bakin kasuwa, ga rana, ga warin fetur. Jikinsa ya saki.

"Mama, ba a yi masa baftisma ba," na ce.

Ta ciji ledar ruwa, ta zuba masa a goshi sau uku, da sunan Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki. Bai kai asibiti ba.

Ubangiji ya ba su madawwamin hutu, ya sada mu.