Ƙuri'ar Malam Da Ta Kusa Hana Ni Digiri

Assalamu alaikum edita da masu karatu. Lokacin da abin nan ya faru, a tsakiyar shekarun casa'in, ni malamar Fiziks ce a wata makarantar sakandare da ke yankin Gumel. Ina da aure da ɗiya ɗaya, ina kuma da baki. Wannan na ƙarshen kowa ya shaida, don tun ina yarinya ba na ganin abu a karkace in yi shiru. An ba ni hutun ƙaro karatu na tafi digiri na biyu a jami'a, da sharaɗin in dawo aji idan wa'adi ya cika, ko da digiri ko babu. A gidanmu kusan kowa aikin hukuma ya yi, amma ba wanda ya taɓa kaiwa nan, saboda haka ina ji da kaina, ba zan ɓoye muku ba.

Bari in ɗan bayyana aikin, don ko maigidana sai da na sha yi masa bayani. A Fiziks, idan abu biyu ne ke jan juna, ana warware lissafinsu da biro da takarda. Da zarar sun yi yawa, kowanne yana taɓa na kusa da shi, to biro ya gaza, sai kwamfuta. Nawa aikin a kan maganaɗisu ne. A cikin ƙarfe akwai 'yan ƙwayoyi bila adadin, kowace tana fuskantar sama ko ƙasa, tana kuma kwaikwayon maƙwabtanta. Idan zafi ya yi yawa sai kowace ta kama gabanta, ƙarfen ya daina jan komai. Ana so in gano a wane zafi ne hakan ke faruwa. Kwamfuta za ta zaɓi ƙwaya ɗaya, ta jefa ƙuri'a ko ta juya ko ta tsaya, ta sake zaɓar wata, haka sau miliyoyi. Ƙuri'ar nan ita ce ran aikin, kuma dole lambobinta su riƙa fitowa barkatai, yadda ba wanda zai ce ga mai zuwa.

Ɓangaren manhajar da ke fitar da lambobin ƙuri'ar, malamin da ke duba aikina ne ya ba ni a ɗan faifai. Shi ya rubuta abinsa lokacin da yake karatu a ƙasar waje. Dattijo ne mai ilimi na gaske, amma ana shakkarsa ƙwarai. Akwai ɗalibin da ya taɓa gyara masa lissafi a gaban jama'a, har na bar jami'ar bai ga takardar digirinsa ba. Malam ya ce in fara gwada manhajata a kan wani sassauƙan tsari da aka daɗe da sanin amsarsa a littattafai, idan ta fito daidai sannan in shiga aikin sosai. Na gwada, ta ƙi fitowa. Kullum sai ta ɗan kauce. Da na kai masa, ko kallon takardun bai gama yi ba ya ce in koma in nemo kuskurena.

Ana cikin haka aka shiga dogon yajin aiki, aka rufe jami'a, na tattaro na dawo Gumel. Allah Ya haɗa ni da wata ƙawa, Kirista 'yar Filato, sakatariya a wani ofis da ke da kwamfuta da janareta. Ta roƙi maigidan ofishin, ya yarda in riƙa zuwa da la'asar in an tashi aiki. Nan na yi watanni ina bin manhajata layi-layi. Na sake rubuta ta tun daga farko, amsa tana nan a kauce. Wani lokaci aiki ya yi nisa sai janareta ya mutu, in koma baya. Na rame, na zama abar tsokana. A wani biki a Ɗanzomo wata gwaggota ta dube ni ta ce wa mata wai boko ya fara taɓa ni, an gan ni ina magana da talabijin. Na yi dariya tare da su, amma a mota na yi kuka. Wa'adin hutuna yana ƙaratowa, ga shi ko shafi ɗaya na sakamako ba ni da shi. Abin da ya fi ci mini rai yanzu shi ne, duk tsawon lokacin nan ban taɓa buɗe ɓangaren Malam ba. Wace ni? Ko a zuciyata ban zarge shi ba.

Wata la'asar haushi ya ishe ni, na ce wa kwamfutar ta bar komai ta jero mini lambobin ƙuri'ar kawai in gani. Ina zaune na yi tagumi suna wucewa, sai na ga wata lamba da na tabbata na gani ɗazu. Ta bayanta ma ita ce ta ɗazun, haka ta bayan wannan. Innalillahi! Ashe lambobin zagaye suke yi kamar akuya a turke. Da na natsu sai na gane dalili. Malam ya rubuta abinsa ne don babbar na'ura mai riƙe dogayen lambobi, ita kuwa ƙaramar da muke amfani da ita sai ta datse su. Na cire nasa, na sa wani da na samo a littafi. Kwana biyu na dawo na tarar da amsa ta zauna daram a inda littattafai suka ce. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofishin mutane ba. Ƙawata ta shigo da gudu ta zaci wuta ce ta ja ni, da ta ji labari ta hau rawa.

Murna ta lafa, tsoro ya zo. Dole manhajar ta shiga cikin kundin digirina, Malam zai ga an cire nasa. In na mayar da nasa, amsa ta lalace. Ni kuwa da zafin raina na yi niyyar in je in ajiye masa takardu biyu a tebur, in ce ga naka ga nawa, in kuma tuna masa watannin da ya sa na ɓata. Da aka janye yajin aiki na je sallama wurin Baba, na zazzage masa duk abin da zan faɗa. Baba ya yi shekaru yana aikin mulki tsakanin Maigatari da Sule Tankarkar, ya zauna da hakimai da manyan jami'ai. Ya bar ni na gama tas, sannan ya tambaye ni ko digiri nake nema ko nasara a kan Malam. Ya ce shi duk aikinsa bai taɓa ce wa babba ka yi kuskure ba, kuma bai taɓa barin kuskuren babba ya wuce ba. Sai ya kai masa maganar a keɓe, ya roƙi a fahimtar da shi, ya bar mutum ya gani da idonsa. Ya ce in bar amsata a jaka, in tafi da tambaya. Na ce ai wannan munafunci ne. Ya yi murmushi ya ce da sannu ake cire ƙaya, in an fizga karyewa take yi a ciki.

Na tafi ina ƙunƙuni, amma na bi maganarsa. Na sami Malam shi kaɗai a ofis, na gaishe shi, na ce akwai abin da ya shige mini duhu ina so ya haska mini. Na kunna kwamfutar sashen, na jero lambobin, na koma gefe na kama bakina. Rabona da yin shiru irin wannan har na manta. Ya daɗe yana kallo. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar. Can ya juyo ya tambaye ni tun yaushe na sani. Na gaya masa gaskiya. Sai ya miƙo hannu ya ce in fito da abin da ke cikin jakar.

Ranar kare kundina, mai jarrabawar da aka gayyato daga wata jami'a ya tambayi dalilin da ya sa na keɓe babi guda a kan gwada lambobin ƙuri'a. Ban kai ga buɗe baki ba Malam ya karɓe. A gaban kowa ya ce shi ya sa in rubuta babin, domin ɓangaren da ya ba ni yana da aibi, ni na gano, shi bai gani ba. Na sunkuyar da kai hawaye na zuba a kan takarduna, kuma har gobe in na tuna sai na ji kaina ya yi girma.

Ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu aiki da kwamfuta, ina ja muku kunne. Duk abin da aka ba ku ku gwada shi, ko da wanda ya ba ku ya fi ku sani nesa ba kusa ba. Kunyar zargin malamina ta ci mini watanni da lafiyata, bakina kuma saura ƙiris ya cinye sauran. In kun ga kuskuren babba kada ku binne shi, kada kuma ku kai shi kasuwa. Malam ya rasu shekarun baya. Kafin rasuwarsa ya aiko mini da ɗiyarsa ta cikinsa, ya ce ni yake so in duba mata aikinta na digiri.