Ɗakin da Khala Golnesa Ta Kankare

A ƙauyenmu da ke bayan garin Ramsar babu wanda bai ci tafarnuwar Khala Golnesa ba, wadda take jiƙawa a ruwan tsami har ta yi baƙi. Khala, wato gwaggo, kowa ke ce mata. Gajeriyar mace ce mai faɗa, tun tana yarinya take tsinkar ganyen shayi a gangaren dutse. Marigayi mijinta Nosrat ne ya gina gidansu, ya shafe ɗakin ƙasa da farar ƙasar bakin maɓuɓɓugar ruwan zafi, kamar yadda rabin garin suka yi. Ɗakin ya fi ko'ina ɗumi, shi ya sa da Mahrokh matar ɗanta ta samu ciki, Khala ta kwashe kayanta ta bar mata shi.

Da kaka masu gwajin gidaje suka zo. Wata injiniya ta rataye ɗan baƙin gwangwani a bangon ɗakin, ta ce kada a taɓa sai sun dawo.

"Me zai kama mana, ɓera?" in ji Khala.

"Iska, Khala. Radon sunanta. Daga ƙasa take fitowa, ba wari ba launi. In ta taru a ɗaki, mutum ya yi shekaru yana shaƙa, tana iya taɓa huhu."

Tari ne ya kashe Nosrat, a wannan ɗakin kuwa.

Ranar Khala ta kora Mahrokh ɗakin sama. Ɗanta Keyvan, mijin Mahrokh, ya ce wa uwar, "Haba Nane, Baba da sigari ba ya barin bakinsa? Kakanninmu a nan suka tsufa har haƙora suka zube."

"Rufe min baki! Kai ka ga abin da ya tofar a tasa?"

Watannin jiran nan Khala ta rame. In za ta wuce ƙofar ɗakin sai ta toshe hanci da gefen mayafi. Na taɓa samunta ta kafa kunne a bayan Mahrokh tana sauraron numfashinta, yarinyar na kuka.

Sanyi ya kankama injiniyar ta dawo. Ta ce gidan yana cikin waɗanda iskar ta yi wa yawa: a kankare shafen, a toshe tsagar daɓe, a riƙa buɗe taga.

"Jikana fa? Ta shige shi?"

"Ban ga dalilin tsoro a kansa ba, Khala. Abin na shekaru ne."

"Ni kuma da na yi shekarun?"

Injiniyar ta ce ta je likita ya duba ta. Khala ba ta je ba. Ta ɗaura ƙyalle a hanci, ta ɗauki fartanya, ita da Keyvan suka kankare bangon da Nosrat ya shafa da hannunsa. Ta cire tagogin ɗungurungum, ruwan sama na feso musu.

Mahrokh ta haifi mace, lafiya lau. Da aka sake gwaji iskar ta ragu sosai, amma Khala ta ce ko kaza ba za ta kwana a ɗakin ba. Sai da jaririyar ta yi wata uku sannan Khala ta shirya zuwa asibiti. Ni na raka ta. A mota ta damƙe hannuna har ya sage. Likita ya ɗauki hoton ƙirjinta, ya ce bai ga komai ba, ta dawo baɗi.

"Baɗi kuma?" ta ce da muka fito. "Ashe bai gama dubawa ba."