Ranar da Muka Kware Rufin Gidanmu

Shekaru sun wanke mini abubuwa da yawa daga zaman da na yi a Gabon, har da sunayen mutanen da muka sha shayi tare da su. Amma ranar da ni da matata muka hau saman gidan da muka gina, muka kware rufinsa da hannunmu alhali ruwan sama na shirin sauka, wannan kam ba za ta bar zuciyata ba sai an rufe ni da ƙasa.

Ni mutumin Kano ne. A wancan lokacin ina da ɗan shagon yadi da riguna a kasuwar Mont-Bouët, cikin Libreville, kuma saro kaya ne yake kai ni Bankok. A can na ga matata. Ƙanwar mai shagon da nake sari a wurinsa ce, Musulma daga kudancin Tailan, marar yawan magana. Sai da na yi ta zarya kafin yayanta ya yarda, aka ɗaura mana aure, na taho da ita.

Ɗaki da falo muka kama a unguwar Derrière la Prison, a gidan haya mai cike da jama'a. Rediyon wannan na tashi, na wancan na amsawa, ga yara, ga hayaƙin gawayi. Mutanen unguwa 'yar Sin suke ce mata, ta gaji da gyara musu ta ƙyale su. Wurin matan Garwa ta Kamaru da muke maƙwabtaka da su ta koyi Hausa, kuma ta iya ta da sauri har ana mamaki. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba. Sai dai na lura duk gwangwanin da ya ƙare a gidan sai ta cika shi da ƙasa, ta shuka barkono ko ɗoɗɗoya, ta jera a bakin taga, ta riƙa tsayawa a kansu ta daɗe.

Wata rana da la'asar na tarar da ita a wurin, na ce me take kallo. Ta ce, "Maigida, a garinmu gida ba ya taɓa ƙasa. A kan ginshiƙai yake tsayawa, iska na wucewa ta ƙarƙashinsa. In ka kwanta kana jin ruwa na tafiya." Ta faɗa tana murmushi, amma idonta ba ya ɗakin. Ranar na gane cewa na kawo mace daga bakin ruwa na kulle ta a cikin akwati.

Akwai wani tsoho ɗan ƙasa da ke sayen atamfa a wurina, ya saya wa matarsa. Ya yi aikin katako har ya gaji, ya koma ƙauyensu da ke gaba da garin Ntoum. Kullum sai ya ce in kawo madam su gaisa da matar tasa. Wata Lahadi muka shiga mota muka je. Har yau in na rufe ido ina ganin wurin: ayaba ta ko'ina, hazo kwance a kan itatuwa, ga wani rafi mai duhun ruwa yana bi ta bayan gidaje ba ya ko ƙara. Matata ta cire takalmi, ta shiga ruwan iyakar idon sawu, ta tsaya kawai. Tsohon ya dube ta, ya dube ni.

Ya ce, "Ɗana, wannan ƙasar ba ta sayarwa ba ce, ta kakannina ce. Amma ga fili nan bakin rafi babu mai nomansa. In kuna so ku gina, ku zauna. Ni dai in ga hayaƙi na tashi a wurin."

Da na ba abokan kasuwa labari dariya suka yi mini. Wani Alhaji da ya girme ni ya ce, "Gida a daji, a ƙasar mutane? Ka aika Kano a yi maka gini mana. Mu nan ai ci-rani muke yi." Shi mai wannan magana ya fi shekara ashirin a ɗakin haya, kullum baɗi zai koma gida. Ban yi musu da shi ba. Na je na sayi kwanon rufi mai kyau, na kai ƙauye na jingine a bayan ɗakin tsohon, da niyyar in an kwana biyu in soma buga bulo.

Sai aka wayi gari an karya darajar sefa, kuɗin ƙasar. Wanda bai ga wannan lokacin ba ba zai gane ba. Kuɗin da ke aljihunka yana nan yadda ka bar shi jiya, amma ya zama rabin kansa. Siminti ya fi ƙarfina, zuwa Bankok ya tsaya cak, kasuwa ta yi tsit kamar gidan makoki. Na je ƙauye na zauna a kan kututture ina kallon filin da muka share, ciyawa har ta soma dawowa. Matata ta tsuguna a gabana, ta ɗauki tsinke ta soma zane a ƙasa. Ta zana ginshiƙai, ta ɗora daɓen katako a kansu, ta fitar da baranda mai kallon rafi, ta sa matakala.

Ta ce, "Siminti daga jirgi yake sauka. Itace kuwa ga shi nan ya kewaye mu. Bari in gina maka irin na babana."

Haka aka yi. Tsohon ya haɗa mu da masu yankan katako na ƙauyen, ya kuma nuna mana itacen da gara ba ta ci. Ranar kafa ginshiƙin farko matata ta ɗaura masa farin ƙyalle a ka, ta ce haka ake yi a garinsu, ni kuma na yi bisimilla muka tura shi cikin rami. Daga nan kowace Lahadi muna can. Ni da ban taɓa riƙe guduma ba na koyi buga ƙusa, na kuma koyi jure wa dariyar kafinta. A hankali gidan ya tashi, yana tsaye a kan dogayen ƙafafunsa kamar zalɓe a bakin ruwa. Mutanen ƙauyukan kusa sukan zo kallo, su shiga ƙarƙashinsa su ɗaga kai. Kusan shekara muka ɗauka kafin mu ɗora kwanon nan. Ranar da aka gama rufi yayyafi ya sauko, muka zauna a baranda muna jin ƙararsa a kan kwano, matata ta jingina da ginshiƙi ta yi barci da rana tsaka. Ban taɓa ganin fuskarta ta sake haka ba.

Ba mu kai ga tarewa ba sanarwa ta fito cewa duk baƙon da takardunsa ba su cika ba ya gyara kafin wa'adi, ko ya bar ƙasar. Jandarmomi suka soma tare taksi suna duba katin zama. Shaguna suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Na raka wani abokina tela, mutumin Garwa, bakin tashar jirgin ruwa, kan kekensa na ɗinki a ka, jama'a maƙil da katifu da tukwane. Ya riƙe hannuna ya ce, "Ka tattara ka taho tun da sauran mutunci."

Katina da sauran kwana a gaba. Na matata ne ya ƙare, kuma kafin a sabunta sai an ajiye kuɗin da zai mai da mutum ƙasarsu. Ƙasarsu kuwa tana can ƙarshen duniya. In wa'adi ya cika ba mu biya ba, za a iya ɗauke ta a kan hanya a tsare, kuma babu jirgin ruwan da zai kai ta inda zan same ta. Na yi ƙoƙarin karyar da kayan shago, amma kowa sayarwa yake yi, babu mai saye. Abu ɗaya ne namu da ya ƙara daraja tun bayan faɗuwar sefa, kuma akwai wani ɗan kwangila da ya taɓa taya shi. Na san da haka, na ƙi ko tunaninsa. Ita ce ta furta.

Ta ce, "Maigida, mu sayar da kwanon."

Na ce, "Rufin gidan naki? Ga ruwa na zuwa, katakon zai ruɓe gaba ɗaya."

Ta ce, "In an tafi da ni, wa zai kwana a ƙarƙashinsa?"

A daren na je na sami ɗan kwangilar muka yi ciniki.

Da safe muka isa ƙauye, ba mu gaya wa kowa ba, don ni kunya nake ji. Na hau sama ina zare ƙusoshin da na buga da hannuna, ina zuro mata kwano ɗaya bayan ɗaya, tana tarba tana jerawa. Duk wanda na ɗaga sai haske ya faɗa cikin ɗakin. Kafin azahar motar ɗan kwangila ta zo ta kwashe, muka bi ta da ido har ta sha kwana. Muka hau matakala muka shiga gidan da babu rufi. Matata ta shimfiɗa zaninta a daɓe ta kwanta rigingine, ta ce in zo in gani. Na kwanta kusa da ita. Ta tsakanin sandunan rufi sararin sama ne kawai, gajimare na tafiya a hankali, garken aku na wucewa suna surutu. Sai na ji kamar gidan ne ke tafiya, kamar kwalekwale ya kwance daga gaɓa yana ɗauke da mu, babu kati, babu wa'adi, babu ƙasar kowa. Ban san tsawon lokacin da muka yi a haka ba.

Ɗigon farko a goshina ya sauka. Kafin mu tashi ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Muka tsaya a tsakiyar ɗakin muna kallon daɓen da muka goge yana shan ruwa. Na juya na ga matata tana dariya, ruwa na bin fuskarta, ban iya rabe hawaye da ruwan sama ba.

A haka matar tsohon nan ta same mu. Ta hawo matakala da ganyen ayaba a ka, tana haki, ta dubi sama, ta dube mu, ta rufe ni da faɗa.

"Wane irin mutum ne kai? Ka kware gida ba ka faɗa wa kowa ba? Mu nan gumaka ne?"

Na ce, "Mama, ban so in ɗora muku nauyi ba ne."

Ta ce, "Nauyi! Kafin kwano ya zo ƙasar nan a rana muke kwana? Ɗauko yarinyar nan ku zo ku ji ɗumin wuta."

Washegari hantsi bai yi ba maza suka shiga fadama da adduna, suka dawo da ganyen tukurwa dami-dami. Mata suka zauna a ƙarƙashin gidan suna naɗe ganyen a jikin sanda suna soke shi da tsinke. Matata ta tsaya tana kallonsu, can sai ta zauna, ta ɗauki ganye, hannunta ya kama aiki ba wanda ya nuna mata. Ashe haka kakarta ke ɗinka jinka a garinsu, da ganyen wata bishiyar bakin ruwa. Tsohuwar ta tafa hannu ta yi guɗa irin tasu. Ba sa jin yaren juna sosai, amma har rana ta karkata suna aiki suna kyakyata dariya. Cikin 'yan kwanaki gidan ya rufu ruf. Ni kuma na bi layi a ofis na biya, aka ba matata katinta ana saura ƙiris wa'adi ya cika.

A ƙarƙashin wannan jinka muka tare, a nan aka haifi 'ya'yanmu, suka tashi suna cakuɗa Hausa da Faransanci da yaren uwarsu da na ƙauyen a cikin magana ɗaya. Da tsohon ya rasu ina cikin waɗanda suka haƙa kabarinsa, babu wanda ya ce mini baƙo.

Abin da wannan al'amari ya koya mini shi ne, baƙon da ke jiran sai ƙasa ta ba shi tabbas kafin ya kafa ginshiƙi zai tsufa a ɗakin haya yana cewa baɗi. Tabbas ɗin ba ya zuwa. Kuma in ka zauna cikin mutane, kada girman kai ya sa ka ɓoye musu ranar da kake cikin ruwa. Na yi shekaru ina sayar wa mutanen nan atamfa, muna gaisawa da fara'a, amma ban zama nasu ba sai ranar da suka gan ni a jiƙe.