Hayaƙin Gidan Burodin Auta

A ƙasan gari, inda hanya ke gangarawa kwari, nan gidan Baba Mai Guga yake. Wanki da guga ne sana'arsa tun yana saurayi, kuma duk mai farar rigar da yake ji da ita wurinsa yake kaiwa. Sana'ar ta mai da shi mai yawan kallon sama. Da damina ido ɗaya na kan igiyar shanya, ɗaya na kan hadari. Da bazara yakan ce kafin ya shanya wando riga ta bushe ƙayau. Lokacin sanyi ne ba ya so, don iska kan kwanta a kwarin da safe, ko hayaƙin murhu ba ya tashi sai rana ta ɗaga. Matarsa, da kowa ke kira Inna, tana da asma, kuma a waɗannan watanni take shan wuya.

Ƙane ɗaya gare shi, Auta, wanda ya riƙe tun rasuwar mahaifinsu. Auta ya tafi birni ya koyo gasa burodi, ya dawo ya yi aure, ya gina gidansa a kan tudu. Wata rana da farkon damina ya zo ya tsuguna kusa da teburin guga.

"Yaya, so nake in gina gidan burodi a filin nan na bayan gidanka."

Filin gadonsu ne su biyu. Baba ya ajiye dutsen guga ya ce, "Ka dai san ƙirjin Inna."

"Haba Yaya, matar da ta goya ni? Bututu zan sa dogo, ya wuce darbejiyar nan. Kuma itace kaɗai zan ƙona."

Baba ya yarda. Har ruwan kwaɓa siminti ya riƙa ja musu daga rijiyarsa. Da aka gama, bututun bai kai rabin darbejiya ba, Auta ya ce za a ƙara in aiki ya kankama. Iskar damina kuwa tana kwashe hayaƙin ta yi daji da shi, sai ƙamshi ke shigowa. Inna har tsokanar Auta take, wai ya sa ta ƙiba da hanci.

Da ruwa ya ɗauke, sanyi ya shigo, sai abin ya canza. Hayaƙin ya daina tafiya, yakan tsallako katanga ya zauna a tsakar gida, baƙi, mai wari, don itace ya yi wuya Auta ya koma ƙona tsofaffin tayoyi. Fararen kaya suka fara fitowa da ɗigo-ɗigon baƙi. Inna takan zauna bakin gado ta dafa gwiwa, numfashinta na fito kamar usur, har aka kwantar da ita a asibiti.

Baba ya je ya sami ƙanen nasa. Auta ya ba da haƙuri, ya ce shi ma bai san kwarin na riƙe hayaƙi haka ba, amma da zarar sanyi ya wuce zai gyara. Baba ya karɓi wannan, ya ce kuskure ne, kowa na yi.

Ana nan sai maginin da ya yi aikin ya kawo wanki. Ya dubi kayan da ke kan igiya ya girgiza kai.

"Ai na gaya wa Auta tun kafin mu haƙa tushe. Da farko a kan tudu za mu gina, kusa da gidansa. Na ce can ya fi, akwai iska, nan ƙasa da sanyi hayaƙi kwanciya yake. Sai ya ce yaransa ƙanana ne, ba ya so su shaƙa."

"Sai me ya ce game da mu?"

Maginin ya ga ya yi suɓutar baki, amma magana zarar bunu ce. Ya ce, "Cewa ya yi Yaya ba zai taɓa cewa komai ba."

Baba ya ƙirga kayan ya ce a zo jibi. Ranar ya ƙona rigar wani, abin da bai taɓa yi ba. Da ya gaya wa Inna abin da maginin ya faɗa, sai ta ce, "Ashe ya san mu sosai."

Daga nan Baba bai sake taka gidan burodin ba, burodin da ake aiko musu da safe ma ya ce a daina. Auta ya zo sau da yawa, Baba na amsa gaisuwarsa ba tare da ya ɗago daga guga ba. Ba a ƙara bututun ba har yau, ciniki kuma sai gaba yake yi.

Yanzu duk shekara, da zarar an gama girbi, Inna kan haɗa kayanta ta koma wurin 'yarsu a wani gari sai bazara. Baba yana wanki a gida, ya ɗora jiƙaƙƙun kaya a keke ya tura su kan tudu ya shanya a filin makaranta. Maƙwabta sun sha ce masa ya kai ƙara wurin duba-gari. Amsarsa ɗaya ce: in aka je, sunan ubansa za a kira sau biyu, mai ƙara da wanda ake ƙara, shi kuwa kunnensa ba zai iya ɗauka ba.