Sandar Katakon Orest Pawluk

A ɗan garinmu na lardin Saskatchewan, in kana neman Orest Pawluk ranar Lahadi da safe, kada ka wahalar da kanka zuwa coci. Nufi filin ƙanƙara kawai. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana tuƙa motar ɗaukar 'yan makaranta kafin ya ajiye aiki, yanzu yana da sittin da shida a duniya. Hoki kuwa, wasan nan na kora ɗan faifan roba da sanda a kan ƙanƙara, tun yana ɗan shekara biyar yake bugawa. Bai taɓa zama gwani ba, bai kuma taɓa fashi ba. In ya sunkuya ɗaure takalman ƙanƙara, gwiwoyinsa kan yi ƙarar da na kusa da shi ke ji.

Kallon hoki a talabijin shi ne abin da Orest ya raina a duniya, matarsa Halyna kuma ba ta da abin da ta fi so. In ta zauna kallo, sai ya zo ya tsaya mata a ka da kofin kofi a hannu.

"Wannan ba hoki ba ne, Halyna. Mai kyamarar nan bin faifai kawai ya iya. Wasan gaskiya yana can inda faifan bai kai ba tukuna."

"To malamin hoki, ko ka zauna ko ka kauce. Ka tare mini raga."

"Duk wanda sanyi bai taɓa shiga haƙoransa a kan ƙanƙara ba, bai kamata ya sa baki a hoki ba."

"Na ji. Matsa."

A ganinsa, gaskiyar da ta rage a wasan tana cikin tsibin sanduna. Su goma sha shida ne ke haɗuwa kowace Lahadi, manoma da malaman makaranta da wani mai gyaran famfo, ba alƙalin wasa, ba mai horarwa. Kowa ya jefa sandarsa a tsakiyar fili. Sai Armand Gaudet, tsohon makanike kuma abokin Orest tun suna firamare, ya durƙusa, ya ja hular ulunsa ta rufe idanunsa, ya riƙa cilla sanda ɗaya dama, ɗaya hagu. Inda taka ta faɗi, nan ne ɓangarenka. Orest kan ce a nan ba wanda ya zaɓi wani, ba wanda aka yi wa alfarma. Kowa ya koma sandunan zamani marasa nauyi, shi kaɗai ya riƙe tasa ta katako, mai ƙaton ƙulli na tef a gindi.

Hunturu biyu a jere, da wuya ɓangaren Orest ya sha kashi. Kada ka so ka ji bakinsa a ɗakin canja kaya. "Ba gudu ba ne, yara, kai ne. Ku kuna gudu, ni ina tunani." Su kuwa sai su gyaɗa kai, su ci gaba da kwance takalma.

A watan Janairu aka yi masa aikin yanar ido, likita ya ce sati uku ba wasa. Zaman gida ya gagare shi. Ran Lahadi ya tafi filin, ya hau can saman bencin 'yan kallo, ya zauna yana cin magani. Mai gyaran famfo ya manta sandarsa a gida, Orest ya ɗauko tasa a mota ya ara masa.

Aka tara sanduna. Armand ya durƙusa, ya rufe ido, ya fara cillawa. Daga sama, da sabon idonsa, Orest ya ga hannun Armand ya taɓa sandar katako ya tsaya. Bai cilla ta ba. Ya ɗan tura ta gefen gwiwarsa, ya ci gaba da lalube har ya kama wata gajeriyar sanda, ya cilla ta hagu. Ya jefa wata dama, sannan ya ɗauki ta katako ya aika ta hagu ita ma. Gajeriyar nan ta Tannis ce, ma'aikaciyar jinya wadda ta taɓa buga wa jami'a, wadda in ta ɗauki faifai sai dai a bi ta da kallo. Armand ya san Orest ba ya wasa ranar, amma hannu ya riga ya saba.

Orest ya zauna yana tuna Lahadin da suka wuce ɗaya bayan ɗaya. A kowacce, Tannis na gefensa. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma. Ashe goyo aka yi ta yi masa yana ta cika baki.

Ya tare Armand a bakin a-kori-kurarsa bayan an tashi.

"Tun yaushe?"

"Tun yaushe me?"

"Kada ka maida ni yaro, Armand. Na ga hannunka."

Armand ya sosa ƙeya. "Wai da za su bar maka yanar nan da mun huta."

"Su wa suka sani?"

"Kowa. Har Halyna." Ya ja numfashi. "Ka tuna ranar da aka ci ku tara da ɗaya, ka ce ƙila lokaci ya yi da za ka rataye takalma? To ni ba zan iya zuwa nan ba ka nan ba, tsoho. Shi ke nan laifina."

Orest ya so ya zage shi, sai ya fasa. Ya shiga mota ya tafi. Sati biyu bai ce wa kowa uffan ba. Halyna na kallon wasanta, shi yana zaune a gefe shiru, har ta fara cewa shirun nan ya fi surutunsa damunta. Abin da ke cin ransa ɗaya ne, yana son ya san ko har yanzu shi ɗan wasa ne, ko kuwa tsoho ne da ake lallaɓawa.

Ranar da likita ya sallame shi, ya tuƙa kilomita tamanin zuwa birni, ya sayo sandar zamani baƙa, irin ta kowa, ya naɗa mata tef yadda kowa ke naɗawa. Ran Lahadi ya cusa ta a tsibi ba wanda ya lura. Armand ya durƙusa yana lalube, yana lalube, har wani ya ce, "Malam, ko kuɗinka ne suka faɗi?" Dole ya cilla su yadda suka zo hannu. Ta Orest ta faɗi dama, ta Tannis hagu.

Karon farko da suka haɗu, Orest na riƙe da faifai a gefen fili, Tannis ta taho a guje, sai ta rage gudu ta ba shi hanya. Ya tsaya cak, ya buga sandarsa a ƙanƙara.

"Ke Tannis! A asibiti muke? Zo ki ƙwata in kin isa!"

"Ka tabbata, tsoho?"

"Zo!"

Ta zagayo. Kafin ya ɗaga kai ta ɗaga masa sanda, ta zare faifan, ta wuce. Ya juya zai bi ta, ƙafafu suka harɗe, ya zauna daɓas a ƙanƙara yana kallon raga na girgiza. Armand ya taho da sauri, fuskarsa duk ta ɓaci, sai ya tarar da mutumin yana dariya har da hawaye.

An ci su takwas da biyu. Ɗaya daga cikin biyun nan Orest ne ya ba da faifan, daga bayan raga zuwa ga mai gyaran famfo, ba wanda ya buɗe masa hanya.

Ya shiga gida yana ɗingishi, ƙugu ya yi tsami. Halyna ta leƙo daga kicin, ta dube shi sama da ƙasa da fargaba.

"Yaya aka ƙare?"

"Sun yi mana kaca-kaca," in ji shi, yana murmushi. "Yarinyar nan ko tausayi babu. Ki tashe ni da wuri Lahadi mai zuwa."