Tokue, Wadda Ba Ta Juya wa Jirgi Baya

Kafin masu kifi su gama jera kwandunansu, Tokue Hamasaki ta riga ta share zauren matafiya na tashar jiragen ruwan garinmu, Shiomi, ta goge tagogi, ta ɗora ruwan shayi. Daga nan ta bi banɗakuna tana mita ita kaɗai, ta jera silifas a bakin ɗakin tabarma. Aikin da aka ɗauke ta ke nan, shara da goge-goge. Ta fi shekara talatin tana yi, amma in ka tambayi manyan ofishin tashar cikakken sunanta, rabinsu sai sun sosa ƙeya.

Ranar da babban jirgin shaƙatawa ya shigo, farin nan mai hawa-hawa da ya ɗara duk ginin garinmu tsayi, gari kan tashi tsaye. Masu hannu da shuni su sauko, a naɗa musu kimono, doguwar rigarmu ta gargajiya, su yi ta tuntuɓe a hanyar gidan ibada, su ɗanɗana ɗanyen kifi suna yamutsa fuska, can kuma su nemi ƙari. An taɓa yin wani dattijo da ya cire takalminsa a ƙofar gidan ibada, wani ya sa ya tafi da shi bisa kuskure. Ya dawo tasha da safa kawai, kunya kamar ya nutse. Tokue ta tuɓe takalmanta na katako ta ajiye masa a gaba, ya hau jirgi yana ƙwas-ƙwas yana dariya, ita kuma ta ƙarasa aikin ranar da silifas ɗin banɗaki.

Da la'asar a rako baƙi. 'Yan makaranta su buga ganga, magajin gari ya yi jawabi, a jefa zaren takarda masu launi. Jirgi na ja da baya kaɗan, kowa ya duba agogo ya kama gabansa. Ban da Tokue. Ita sai ta ɗauki wani ƙyalle rawaya, ta bi doguwar katangar nan da ke tare raƙuman ruwa har ƙarshenta, gindin hasumiyar fitila, ta yi ta kaɗa shi har jirgin ya zama ɗigo, har ɗigon ya ɓace. Sannan ta rusuna sau ɗaya, ta juya.

Dukkanmu an koya mana a gida cewa ba a juya wa baƙo baya sai ya ɓace wa ido. Mu dai a ƙofar gida muke yi, motarsa na shan kwana mu shige. Ita ta kai abin har teku, kuma babu wanda ya sa ta. Ƙawarta Sueko, mai soya kifi a bakin tasha, ita ta gaya mana dalili. Tun suna da ƙuruciya, wata safiya Tokue ta yi 'yar hayaniya da mijinta Shigeru a kan gishirin miya. Ta rako shi bakin ruwa, ya ɗaga mata hannu daga kwalekwalen kamun kifi, ta murguɗa baki ta juya ta tafi gida. Kwalekwalen bai dawo ba. Tun ranar ta yi wa kanta alkawari babu jirgin da zai sake ganin bayanta, kuma ko a dusar ƙanƙara ba ta taɓa saɓawa ba.

Ke ce mai rakiyar garinmu, Tokue-san. Ke kika riƙe mana mutuncin da mu muka bar wa agogo.

To, ranar da za ta ajiye aiki, a kakar bana, sai ga jirgin ya zo. Gwiwarta ta dama ta kumbura suntum, likita ya ja mata kunne kada ta daɗe a tsaye. A zaure kuwa mun jera tebura don bikin sallamarta, ga miyar ƙaguwa tana tururi, ga wainar shinkafa, ga kwalaben giyar shinkafa.

"Yau kam ki zauna," in ji Sueko. "Ke da ƙafa kamar turmi, wa zai ce kin gaza?"

"Bakinki ya fi kaskonki zafi," in ji Tokue. "Yanzun nan zan dawo. Kada ki taɓa mini ƙafafun ƙaguwa, na san halinki."

Ta dogara sanda ta tafi. Jirgi ya fita daga tasha a hankali, tana kaɗa ƙyalle. Ya wuce bakin mashiga, tana kaɗawa. Can sai ya rage gudu, ya tsaya cak, ya saki anga, ƙarfen nan da ke kafe jirgi wuri ɗaya. Ashe iska ce ta taso a mashigin da ke gaba, kyaftin ya yanke shawarar kwana a ruwan da ke gaban gaɓarmu sai gari ya waye. Ga jirgi nan zaune ƙato, ƙiri-ƙiri a gaban idonta, bai ɓace ba kuma ba shi da niyyar ɓacewa. To fa!

Muka jira, miya ta fara yin fata a sama. Sueko ta ɗaura gyale ta bi katanga tana faɗa tun daga nesa.

"Ke tsohuwar nan, kanki ɗaya kuwa? Kwana za su yi a can!"

"Kina ganinsu?" in ji Tokue, ba ta ko waiwayo ba.

"Makauniya ce ni da ba zan ga wannan dutsen ba?"

"To ni ma ina ganinsu."

Sueko ta buɗe baki za ta ƙara, sai ta hango mutane a saman jirgin suna ɗago hannu. Haba, ai ba a ɗaga maka hannu ka tsaya ƙiƙam. Ta ɗaga nata. Daga ɗagawa kuma ta shiga tarko, don yanzu ita ma ba ta isa ta juya ba. Aka aika shugaban tasha ya taho da su biyun, ya je, ya maƙale. Magajin gari ya bi sahu da furannin da zai miƙa mata, ya ƙare yana kaɗa furannin. Ni ma na je da nufin in yi magana ta hankali, ban ankara ba na ji hannuna a sama. Kafin rana ta yi ja, rabin garin Shiomi na kan katanga, kowa na gunaguni ƙasa-ƙasa, babu mai son ya zama na farkon juyawa.

Su ma na jirgin abin ya kama su. Muna hango su suna fitowa daga ɗakin cin abinci cikin kayan ado, wasu da kofi a hannu, suna kaɗa adikon tebur. Su suna jira mu tafi, mu muna jira su ɓace. Dariya ta yi ta kama mu, amma ni da na dubi Tokue sai na daina. Gumi ya jiƙa mata goshi duk da sanyin yamma, ƙafar tana rawa, ta tallabe gwiwar hannunta da ɗaya hannun. An kawo mata kujera ta ƙi, wai ba a raka baƙo a zaune. Na ji tsoro ƙwarai. Ko dai ta faɗi a nan, ko ta karya alkawarinta a ranar ƙarshe, kuma na san wanne za ta zaɓa.

Kuroiwa-san ne ya cece mu, jagoran da ke fitar da manyan jirage daga tasharmu. Ya dawo a ƙaramin jirginsa, ya ga taro, Sueko ta zayyana masa komai. Ya ɗauki rediyonsa ya kira kyaftin. Daga baya ya ba mu labari cewa kyaftin ya yi ta tambaya, "Me suke jira? Wani abu muka manta?" Kuroiwa ya ce, "Ba ku manta komai ba. Akwai wata baiwar Allah mai shara a nan, ba za ta tafi gida ba muddin tana ganinku, kuma ƙafarta ba ta da lafiya." Kyaftin ya tambayi ko bayan tsaunin nan na arewa akwai zurfi da mafaka. Kuroiwa ya ce akwai, shi zai koma ya kai su.

Sai muka ji ƙarar sarƙa. Wannan ƙaton jirgi, da attajiransa da fitilunsa, ya janye anga saboda gwiwar mai shara. Ya busa jiniya mai tsawo har tsuntsayen teku suka watse, ya juya a hankali ya nufi tsauni. Hancinsa ya shige, tsakiyarsa ta shige. Tokue na kaɗa ƙyalle, hawaye na bin kumatunta, tana murmushi. Da fitilar ƙarshe ta ɓuya bayan dutse, ta sauke hannu, ta rusuna ƙasa sosai, ta daɗe a haka. Mu ma duk muka rusuna a bayanta.

Da ta ɗago sai ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Masunta huɗu suka ɗora ta a kujerar da ta ƙi ɗazu, suka ɗaga ta sama, gari ya biyo ta da tafi har zaure.

Mun gode, Tokue-san. Mun gode da tagogin da kika goge, da shayin da kika miƙa wa wanda ba ki jin harshensa, da tsayuwar da kika yi a madadinmu muna gida muna cin abinci. Ki huta, ki miƙe ƙafarki. Ku kuma 'yan garinmu, da bazara jirgi zai dawo, kuma gindin hasumiya ba zai zauna babu kowa ba. Duk wanda zai je, ya sani ba minti biyar zai yi ba.

Sueko ta riga kowa cewa ita za ta fara. Tokue ta dube ta sama da ƙasa ta ce, "Ke? To ki tafi da gyale mai kauri. Kuma in kin fara, kada ki waiwayo neman mu, muna bayanki."